Baƙo a Japan da sandar gora: yadda ake shiga kendo a unguwa

Wanda ya sauka a Japan don karatu ko aiki zai iya shekara guda yana gaisawa da maƙwabcinsa a bakin ƙofa ba su taɓa zama tare ba. Mutanen ƙasar ba su saba gayyatar baƙo gida ba. Suna haɗuwa ne a ƙungiyoyin unguwa, kuma cikin masu sauƙin shiga akwai ta kendo, wasan takobinsu da ake yi da sandar gora. Galibi da yamma ake yi, sau biyu ko uku a mako, a zauren motsa jiki na makarantar firamare ko na ƙaramar hukuma. Yara da dattawa masu shekara saba'in duk a fili ɗaya suke.

Kada ka je ranar farko da niyyar riƙe sanda. Nemi izinin zuwa kallo, abin da suke kira kengaku, ka cire takalmi a ƙofa, ka zauna inda aka nuna maka. Kalma biyu za su riƙe ka wata da watanni: "onegai shimasu" (don Allah) kafin ka fara da abokin atisaye, da "arigato gozaimashita" (na gode) idan kun gama. Ka riƙa isa da wuri, domin ɗalibai ne ke goge daɓen katako da tsumma kafin a fara, kuma sabon shiga da ya ɗauki tsumma ba a ce masa ba ya fi saurin samun gindin zama. Kuɗin wata ba shi da yawa, sai kuma inshorar rauni ta shekara, wajen yen 2,000.

Akwai maganar da Musulmi ya kamata ya yi tun da wuri. A farkon atisaye da ƙarshensa ana durƙusawa, a dafa ƙasa da tafin hannu biyu a sunkuya, wasu zaurukan kuma akwai ɗan akwatin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, a bangon gaba. Ka sami malamin a keɓe kafin ranar farko, ka bayyana masa abin da addininka ya hana ka, ku daidaita a kan gaisuwar da za ka iya yi. Idan ka yi shiru ka tsaya ƙyam a tsakiyar sahu, rashin ladabi za a ɗauka. Haka ma liyafar bayan atisaye, inda akan sha giya: ka je, ka ce a kawo maka shayin ulon, ba wanda zai matsa maka.

Sandar, wato shinai, tsagin gora huɗu ne a haɗe. Ta babban namiji lamba 39 ce, ba ta wuce santimita 120, nauyinta kuma ba ya gaza giram 510. Ta mace giram 440. Fata ce a mariƙa, fata a baki, tsirkiya ta bi bayanta, ga wani ɗaurin fata kusa da baki. Kafin kowane atisaye ka bi gorar da ido da yatsa. Sartse ƙarami a kankare shi a shafa mai. Tsagin da ya tsage a canza shi, domin gora da ta fashe tana iya shiga ta tsakanin ƙarafan kwalkwali ta sami idon mutum. Ba a tsallake ta in tana ƙasa, ba a dogara ta kamar sandar makiyayi, a jirgin ƙasa kuma cikin jakarta take tafiya.

Watannin farko babu sulke, ƙafa ake koyo. Dama a gaba, hagu a baya da dunduniya a ɗage kaɗan, ana jan ƙafa bisa daɓe ba a ɗaga ta. Tafin hagu zai yi bororo, ya fashe, ya zama kanta. Abin tsoro shi ne agara: mai shekara talatin zuwa sama da ya zabura da ƙafa mai sanyi a watan Janairu yana iya tsinka ta, don haka a miƙe ta sosai kafin a fara. Wanda ya taso da dambe ko sara da gatari yakan zuba ƙarfi a hannun dama, sanda ta karkace, ta sauka da nauyi a kan abokin atisaye. Hagu ne ke riƙo, da ƙaramin yatsa da na kusa da shi, dama jagora kawai take yi. Wurare huɗu ake nema: kai, wuyan hannu, gefen ciki, da maƙogwaro, wanda ba a koya wa sabon shiga. Duka ba ya zama maki sai ihu da saukar sanda da bugun ƙafa sun zo lokaci ɗaya, mutum kuma ya wuce yana cikin shiri. A gasa alƙalai uku ne, sai biyu sun ɗaga tuta.

Kada ka sayi sulke sai malami ya ce lokaci ya yi, kuma a auna kanka da hannunka a shago, kwalkwalin aro ba ya cika zama daidai. Riga da wandon an rina su da shuni, irin wanda duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata ya sani, kuma zuba yake yi: zai bar maka shuɗi a wuya da farce. A wanke su su kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Sulken ba a sa shi a rana, fatar tafin safar hannun takan bushe ta tsage, ba a kuma barinsa a jaka ya kwana, musamman a damunar Yuni, in ba haka ba ya yi fumfuna. In azumi ya faɗo a zafin Agusta, gaya wa malami. Ka yi atisayen ƙafa ba sulke, ko ka zo bayan buɗa-baki.

Jarrabawar matsayi ta farko ga manya galibi ita ce ikkyu, bayan wasu watanni a nemi matsayin da ke sama da ita, wato dan na ɗaya, bayan shekara guda na biyu. Kafin nan za a sa ka yi odar ƙyallen suna da ake saƙalawa a gaban sulke, sunan ƙungiya a sama, naka a tsakiya da harufan katakana, waɗanda Japanawa ke rubuta sunayen baƙi da su. Ka tabbatar da yadda kake so a furta shi kafin a ɗinka, domin da shi duk unguwar za ta riƙa kiranka.