Saƙon da ba ni na rubuta ba

Makon jiya na miƙa ragamar shafukan sada zumunta na manhajar da na daɗe ina yi wa aikin sa kai. Duk wanda ya taɓa aiki a buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya gani ya taimaka wajen gina ta, ya san irin tsaurin da ake yi a GitHub, dandalin da ake ajiye rubutun manhajar: ko waƙafi mutum ya gyara, ba ya shiga babban reshe, wato ainihin manhajar, sai wani ya duba ya amince, kuma sunan kowa na nan manne da layin da ya taɓa. Amma shafinmu na Twitter, wanda shi ne fuskarmu a wurin mutanen da ba su taɓa leƙa GitHub ba, kalmar sirrinsa tana maƙale a saman rukuninmu na Telegram. Duk wanda ya ce zai taimaka da sanarwa sai a sa shi a rukunin. Wasu sun bar aikin tuntuni, ba wanda ya canza ta.

Imel ɗin da aka buɗe shafin da shi na jagoranmu ne, lambar wayar ma tasa ce. Shi ya fara rubuta manhajar, kuma ba na musun gwanintarsa. Tun da wuri na kawo masa maganar TweetDeck, dandalin Twitter na kula da shafuka, wanda a 2015 ya fito da tsarin aiki a ƙungiya: mai shafi ya ba ka izinin wallafawa ta naka asusun ba tare da ka san kalmar sirri ba, ranar da ka tafi a cire sunanka, shi ke nan. Ya ce dukkanmu 'yan sa kai ne, mun yarda da juna, kada in shigo mana da tsarin kamfani.

Abin ya faru ne a lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, tsakanin Yunin 2021 da Janairun 2022. Wani mai amfani da manhajar ya yi ƙorafi cewa sabon fitowar ta lalata masa bayanai. Ya yi maganar da zafi, kamar yadda duk wanda ya yi asarar aikinsa zai yi. Cikin dare sai shafinmu ya ba shi amsa, cewa in bai iya karanta umarni ba ya je ya biya kuɗi wani wuri, ba bayinsa ne ke rubuta masa manhaja kyauta ba. Kafin in tashi sallar asuba an goge, amma an riga an ɗauki hotonsa, yana ta yawo.

A taron da aka kira, ba a tambayi waye ya rubuta ba. Jagoran cewa ya yi tunda ni ke kula da shafukan, ni zan yi bayani. Muka buɗe jerin wuraren da aka shiga shafin, sai ga Jamus, ga Holan, ga Amurka. Duk wanda ke Najeriya a lokacin ya san dalili: ba ka isa ka buɗe Twitter ba sai da VPN, manhajar da ke ɓoye inda kake, yau ta ajiye ka a wannan ƙasa, gobe a waccan. Jerin da ya kamata ya wanke ni sai ya zama ba ya wanke kowa, ba ya kuma kama kowa.

Abu ɗaya ya rage mini. A wancan zamanin Twitter na rubuta irin na'urar da aka yi wallafa da ita a ƙasan kowane saƙo, kafin a cire wannan a ƙarshen 2022. A hoton da ke yawo, a fili aka rubuta cewa daga iPhone ne. Ni kuwa Tecno ce a hannuna, mai tsagaggen gilashi, na ɗaga ta a gaban kamara kowa ya gani. Aka yi shiru. Mutum biyu ne a cikinmu masu iPhone, ɗayar tana asibiti ta haihu a makon nan. Jagoran ya ce ba farautar mai laifi muka zo yi ba, mu duba gaba. Washegari ya fitar da sanarwar ban haƙuri mai cewa wani daga cikin masu kula da shafukan sada zumunta ya yi kuskure, an ja masa kunne. A shafin yanar gizon manhajar, suna ɗaya ne kawai a ƙarƙashin wannan aikin, nawa.

Wani dattijo a cikinmu, mutumin Maraɗi mai yi mana fassarar Faransanci, ya kira ni daga baya ya ce, "Malam, ka yi haƙuri ka bar maganar, kowa ya gane." Na bari. Sai dai waɗanda suka gane ɗin su ne waɗanda ke cikin taron, ba mutanen waje da suka karanta sanarwar ba.

Gyaran bai zo don an ji maganata ba, dole ce ta kawo shi. A Maris ɗin 2023 Twitter ta hana waɗanda ba sa biyan kuɗi amfani da lambar tabbatarwa ta saƙon tes, a Agusta kuma aka mayar da TweetDeck na masu biya. Jama'ar manhajoji irin tamu suka yi ta komawa Mastodon, wani dandalin sada zumunta mai kama da Twitter, mu ma muka buɗe shafi a can. Tunda sabo ne, kuma jagoran bai damu da shi ba, na tsara shi yadda nake so. Imel na aikin ne, ba na wani mutum ba. Kalmar sirri tana cikin taskar ƙungiya ta Bitwarden, manhajar adana kalmomin sirri, tare da lambar tabbatarwa mai canzawa duk daƙiƙa 30, lambobin ko-ta-kwana kuma suna hannun mutum biyu da ba ƙasarsu ɗaya ba. Mafi muhimmanci, ba wanda ke wallafawa kai tsaye. Kowace sanarwa ana rubuta ta a GitHub kamar kowane gyara, wani ya karanta ya amince, sannan wata ƙaramar manhaja ta tura. Ana ƙorafin jinkiri. Ni dai ban ga wanda fushinsa ya jure jiran amincewar mutum na biyu ba.

Sauran ƙanana ne. Ranar da mutum ya tafi a ranar ake cire shi, ko da lafiya aka rabu. Kada a ɗaura shafin aiki a kan layin da kamfanin waya zai iya rufewa ko ya sayar wa wani. Amsar ƙorafi kuma ba a bayar da ita bayan sallar isha.

Wadda ta gaje ni ta karɓi komai a zama ɗaya, da hannuna na cire sunana daga taskar tana kallo. Tsohon shafin Twitter, wato X a yanzu, shi ne kawai ban iya miƙa mata ba, don har yau a kan lambar jagoran yake. Na faɗa mata ta nemi a rubuce cewa ba ita ke da alhakinsa ba, kafin a sa sunanta a shafin manhajar.