Inda zan ajiye mota kafin rana ta faɗi

A Damagaram ban taɓa kwana ina tunanin inda zan ajiye mota ba. In ina son ɗaukar hoton faɗuwar rana, sai in shiga Birni, in tsaya gindin duwatsun nan na kusa da fadar Sarki, in kashe mota duk inda na ga inuwa. Mai wucewa ko ya san ni, ko ya san ubana. Da kawuna ya kira ni Kaduna a ƙarshen 2022 in riƙe masa shagon hoto a Tudun Wada, cewa na yi ai gida zan bari in koma gida. Hausa ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya. Ashe da sauran karatu a gabana.

Tun a gidan mai asirina ya tonu. Na ce a zuba mini esansi, yaron ya kalle ni ya ce, “Fetur kake nufi, Buzu?” Ni kuwa Bahaushe ne gaba da baya, amma a nan duk wanda ya ƙetaro daga Nijar Buzu ne, ba ya ɗaukaka ƙara. Parmi ya koma lasisi. Lissafin dala da jika da na tashi da shi ya zame mini kaya, na yi wata biyu ina juya naira zuwa saifa a zuci kafin in taya ko tumatir. Kalmar da ta fi ba ni wahala kuwa ita ce fakin, ba wajen furtawa ba, wajen samu.

Bikin aure da suna su ke ciyar da ni, amma abin da raina ke so daban ne: hoton nan da ake tara ɗaruruwansa a jera su, sai ka ga gajimare na gudu, rana na gangarawa kamar an saki guga a rijiya. Kana kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ka saita ta ta riƙa ɗauka duk bayan sakan 5. Awa guda ta ba ka hoto 720. In ka jera su 24 a kowane sakan, ka samu bidiyon sakan 30 kacal. Sharaɗin shi ne kada kyamarar ta motsa ko da faɗin gashi ne, kuma kada ka bar ta ta zaɓar wa kanta nisa ko launi, in ba haka ba bidiyon ya riƙa ƙyaftawa kamar ƙwan lantarki mai shirin mutuwa. Wato dai dole ka tsaya wuri guda awa guda. Baƙo, a tsaye, da ƙarfe mai ƙafa uku, yana fuskantar gini, a garin da ya ga abin da ya gani kuma barikoki suka kewaye shi. Ka ga inda gizo ke saƙar.

Fitata ta farko ban ko ɗauki hoto 50 ba aka dafa kafaɗata. Gaban wani ginin gwamnati ne, farin fentinsa ya sha jan hasken la'asar sakaliya har na manta da hankalina. “Malam, wa ya aiko ka?” Na ce, “Yallaɓai, rana nake ɗauka.” Ya ɗaga kai ya dubi ranar, ya dube ni, ya ce in biyo shi. An duba katina, an duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, an sallame ni cikin mutunci bayan isha'i. Yau da na san garin, ban ga laifinsu ba. Ni ne na shiga gonar mutane babu sallama.

Ta biyu ita ce ta mota, ita kam ta ci mini kuɗi. Na raɓa tsohuwar motar kawu a gefen wani babban titi na tsakiyar gari, don na ga wasu motoci biyu a wurin, na saɓa kayana na yi tafiyar minti biyar. Sama ta fara yin ja, abin ya fara daɗi, sai ga wani yaro mai sayar da ruwan leda a guje: “Mai hoto, za a ja motarka!” Na tsinke aikin a tsakiya na ruga. Waɗancan motoci biyun ashe direbobinsu na ciki, suna hango masu kaki suka sulale. Na biya tara, na koma gida babu rana babu kuɗin cefane. Kawu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Ɗana, a garin nan ba a ajiye mota a fili, a hannun mutum ake ajiye ta.”

Ban fahimce shi sosai ba sai da na fara zuwa bakin kogi ta wajen Kabala. Filin shaƙatawa na Gamji, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina, shi ne wuri na farko da na kafa kyamara ba tare da gabana na faɗuwa ba, don mutane sun saba ganin masu hoto a ciki. A nan 'yar gadar ƙarfen Lugga take, wadda aka kafa a Zungeru a 1904, aka kwance ta aka kawo Kaduna a 1954. Ita ma baƙuwa ce kamar ni. Da na ji cewa daga Zungeru aka ɗauke hedikwatar Arewa aka dawo da ita nan a 1917, sai na yi dariya ni kaɗai, don mu ma haka Faransawa suka yi mana a 1926, suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai. Mutanen Zungeru, na san zafinku.

Sai dai kusurwar da nake so tana waje, can ƙasa inda ruwa ke shan hasken yamma, kuma lungun da ke kai wa wurin ba ya ɗaukar fakin. Wata ranar Talata na ga wani tsoho mai gadi zaune kan benci a ƙofar wani gida yana gyara rediyo. Na sauko, na cire takalmi, na durƙusa. “Baba, sannu da aiki. Baƙo ne ni, ina neman alfarmar in bar mota nan zuwa bayan magariba.” Ya ce daga ina? Na faɗa. Ya ajiye rediyon ya ce kakarsa 'yar Matamaye ce. Shi ke nan. Ya nuna mini gindin wani mangwaro. Na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna, sai goro nake riƙo masa, wani lokaci da batir.

Akwai abin da masu koyar da wannan aiki a YouTube ba su taɓa ambata ba, don ba damuwarsu ba ce: daidai lokacin da sama ta fi kyau, daidai nan ladan ke kiran magariba. A nan kuma duhu ba ya jira, minti ashirin da 'yan kai bayan faɗuwar rana ka nemi hasken ka rasa. Ko ka bar kyamara, ko ka jinkirta salla. Baba ne ya raba gardamar. Ya haɗa ni da jikansa, yaro ɗan shekara tara, ya zauna kusa da ita da umarni guda, kada kowa ya taɓa, har shi. In muka sallame sai ya je ya yi tasa. Yanzu yaron ya fi ni jin haushi in akuya ta doso ƙafafun kyamarar.

Daga nan garin ya fara buɗe mini. A Kawo, inda sabuwar gadar sama take, mai shayi ne ke riƙe mini mota, ni kuma in ja lokacin buɗewar kyamara zuwa sakan 2 don fitilun motocin Zariya da Kano su zama zare ja da fari. A Unguwar Sarki na fara gaida dattawan da ke zama wajen masallacin Sultan Bello sati biyu kafin in fito da kyamara. Zauren Lugga kuwa, inda majalisar dokokin jiha ke zama, har yau daga nesa nake gaishe shi.

Na kuma koyi kalandar samaniyar Kaduna. Da hunturu ɓata batir ne, ƙura na haɗiye rana tun tana sama, ta zama farin faifai ta ɓace babu ja babu ɗorawa. Wannan na san shi tun gida. Abin da ban sani ba shi ne Satumba da Oktoba, lokacin da damina ke ban kwana, kogi ya cika ya yi jajir, gajimare ya taru a yamma gini bisa gini. Mu da ruwanmu ke ɗaukewa da wuri ba mu da irin wannan. A watan Yuli rana kan kai wajen bakwai saura kaɗan, a Nuwamba kuwa shida na gotawa ta tafi, don haka in ban rufe shago ƙarfe huɗu da rabi ba cunkoson titin Ahmadu Bello ya cinye mini ita.

Bidiyon farko da ya fita yadda nake so na Oktoban 2023 ne, lokacin iyakar Nijar da Najeriya na rufe, ban ga mahaifiyata ba kusan shekara. Na tura mata ta WhatsApp. Washegari ta aiko da saƙon murya, ba ta ce uffan kan gajimaren ba. Tambaya take wane ne yaron da kansa ya leƙo a gefen hoton, kuma me ya sa na bar ɗan mutane a bakin ruwa da almuru.