Motar Aro a Filin Tsere

Yau da rana wani bakanike maƙwabcinmu ya nuna mini tsohon bidiyo a wayarsa, na tseren motoci a kan filin ƙasa a Amurka, kuma har yanzu abin bai bar raina ba. Motocin irin waɗanda magidanci ke kai iyalinsa unguwa da su ne, an rubuta musu lamba a jikin ƙofa, suna shan kwana a karkace, ƙura ta turnuƙe har direba da ƙyar yake hango na gabansa.

Haka aka fafata a Charlotte, cikin jihar North Carolina, ranar 19 ga Yuni, 1949, a tseren farko da NASCAR, wata ƙungiyar tseren motoci ta Amurka, ta shirya na motocin da ba a sauya musu komai ba. Wani direba mai suna Lee Petty ya shiga da wata Buick da ya aro, ta wuntsila da shi ta lalace, amma Allah ya yi da sauran kwanansa, daga baya ma ya lashe kambun gasar sau 3. Ni dai tausayina yana wajen mutumin da ya yarda ya ba da aron motarsa, domin shi ma ya yi asarar da ta cancanci a tuna da shi.