Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙwaryar Kaka a Gidan Tamowa

Makon jiya na tsaya inda aka ɗauke ni aikin dama madara a gidan tamowa na Maraɗi. A 2005 ke nan, bayan fara da ƙarancin ruwa sun ɓata damanar 2004. Hatsi ya yi tsada, a ƙauyuka har anza aka koma ci. Mata suna ta zuwa daga Madarunfa, Tibiri, Gidan Rumji, kowace da goyonta, wani ƙafa a kumbure, gashi ya yi ja.

Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa ba ya wasa, wani ko kuka ba ya iyawa. Madarar jinya da ake ce wa F-75 ake fara ba shi kaɗan-kaɗan, dare da rana, in ya ƙi sha a sa masa tiyo ta hanci. Sai cikinsa ya karɓa ake kai shi ga Plumpy'Nut, abincin jinya wanda tushensa gyaɗa ce, abin da Maraɗi ta yi suna da shi tun zamanin Turawa.

To uwayen fa? Wata ta binne ɗaya a gida, ta baro uku wurin kishiya. Ka miƙa mata kofi, ta riƙe tana kallon ƙasa har madarar ta huce.

Akwai wata tsohuwa da ta kawo jikanta, kowa Kaka yake ce mata. Wata la'asar ta kife ƙwarya cikin ruwan wanki, ta kama kiɗa da ludayi. Na ce, "Kaka, lokotoro zai yi faɗa." Ta ce, "Ɗiyata, nan gidan makoki ne?" Ta dinga bin yaran ɗaya-ɗaya tana yi musu kirari da sunan garinsu, tana tsokanar Gobirawa, su kuma Katsinawa suna amshi. Wata da ba mu taɓa jin muryarta ba sai ga ta tana ramawa.

Lokotoron bai hana ba. Shi ma murmushin yaro yake nema, don yana cikin alamun samun sauƙi, kuma ƙa'idar jinyar ta ce a riƙa yi wa yaran wasa.

Ni dai ban ce ƙwarya ta warkar da kowa ba, madara da magani suka yi aikinsu, wasu yaran kuma mun rasa su. Amma ni ke zagayen dare, na san waɗanda ke tashi da kansu su ba da madara ba sai na tashe su ba. Yawancinsu ƴan amshin Kaka ne.

Mako mai zuwa: ranar da aka sallami jikan Kaka, da rigimar da ta tashi kan ƙwaryar.