Kada a wanke sautin kaset kafin a adana asalinsa

Kiɗan ogan na Mamman Sani, makaɗin Nijar, da aka ɗauka a Yamai a 1978 ya kwashe shekaru a kan kaset ƙalilan, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi duniya ta ji. Wannan ne ya sa na shiga tonon akwatunan tsofaffin kaset, har na dace da wani kaset C60, mai minti sittin, marar suna: ogan shi kaɗai, sauti uku ko huɗu suna ta maimaituwa, ƙarƙashinsu wani amo mai kauri da ba ya yankewa. Wannan amon shi ne kiɗan, kuma shi na kashe da hannuna.

Shirin farko duk na bi shi. Na karya haƙoran nan biyu na saman kaset don kada a ɗauki wani abu a kai, na zagaya zaren gaba da baya har ƙarshe ya saki jiki, na goge hed, wato ƙarfen da ke karanta zaren, da auduga da sifirit. Na mai da sauti hanya ɗaya, na juya ɗan sukurun gefen hed kaɗan-kaɗan har siririn sauti ya fito tas. Na ɗauka a kwamfuta a fayil ɗin WAV, 24-bit, 48 kHz, allurar ƙarfin sauti ba ta wuce -6 dB ba.

Sai shuu ɗin kaset da kugin wuta suka dame ni. A Audacity, manhajar gyaran sauti, na zaɓi wurin da na zaci shiru ne na ba ta a matsayin samfurin ƙarar da za ta cire, alhali amon na nan can ƙasa-ƙasa. Manhaja ba ta bambance kiɗan da ba ya motsi da ƙarar da ba ta motsi. Na rage 18 dB, na kuma datse 50 Hz da 100 Hz, inda kugin wutar gida yake. To a ogan ɗin sautin G na ƙasa yana 49 Hz ne, na samansa 98 Hz, duk a bakin wuƙa. Abin da ya saura kamar ana kiɗa cikin ruwa. A lasifikar kwamfuta ban lura ba, don ba ta fitar da kaurin sauti, sai na adana a kan fayil ɗin asali.

Da na gane, na ce ai kaset na nan. A juyi na biyu robar da ke matse zare, wadda ta bushe tana sheƙi ban duba ba, ta tauna kusan minti huɗu na gefen A. Na warware da biro, amma zaren da ya yamutse ba ya komawa daidai. Har yau abin na ci mini rai.

Yanzu ɗaukar farko ita ce ta ƙarshe a wurina. Fayil ɗin asali yana shiga wuri biyu kafin in taɓa komai, gyara kuwa a kan kwafi. Samfurin ƙara daga farkon zare nake ɗauka, kafin kiɗa ya shigo, kuma ba na wuce 6 dB. Kugi ba a datse shi, tushensa ake nema: sau da yawa cire cajar kwamfuta a bar ta kan batir ya isa. Na'urar kuwa sai ta juya wani kaset marar amfani minti goma lafiya kafin mai daraja ya shiga.