Kai samfuri daga PyTorch zuwa ONNX

'Yan uwa masu horar da na'ura, aikin wannan makon ya ƙara nuna mini cewa samun fayil ɗin ONNX, wato tsarin bai ɗaya na adana samfurin da aka horar, bai nufin an gama. Facebook da Microsoft suka fito da tsarin a 2017 domin samfurin da aka horar a wata manhaja ya yi aiki a wata, kuma yana da amfani ƙwarai.

Inda ake faɗawa rami shi ne torch.onnx.export, umarnin da ke fitar da samfuri daga manhajar horarwa ta PyTorch zuwa ONNX. Idan ta hanyar bin sawu (tracing, wato a gudanar da samfurin kan bayanan gwaji a naɗe matakan da ya bi) aka fitar, reshen sharaɗin "if" da bayanan gwaji suka bi kaɗai zai shiga fayil, ɗayan ya ɓace ba kuskure ko ɗaya. Girman rukunin bayanai ma daskarewa yake sai an saka dynamic_axes, zaɓin da ke barin girman ya riƙa canzawa. Hotuna kuwa, PyTorch na jera su NCHW (rukuni, launuka, tsawo, faɗi), manhajar TensorFlow ta saba da NHWC (launuka a ƙarshe).

Samfurin da ya wuce gigabait 2 ba ya shiga fayil guda saboda iyakar protobuf, tsarin da ONNX ke adana fayil da shi, dole nauyinsa (weights, lambobin da ya koya) ya koma fayil na daban.

Don Allah a kira model.eval(), wanda ke fitar da samfurin daga yanayin horo, a ba PyTorch da ONNX Runtime (manhajar da ke gudanar da fayil ɗin ONNX) bayanai iri ɗaya, a kwatanta sakamakon lamba da lamba kafin a miƙa wa kowa.