Shado mai sanyin launi a kan baƙar fata: abin da na gani a Jidda

Akwatin shado, wato hodar launi ta kwalliyar fatar ido, da na gwada gida 12 gare shi, kuma babu ruwan ƙasa ko ruwan goro ko ɗaya a ciki. Baƙi ɗaya, ruwan toka kala uku, shunayya biyu, ruwan hanta mai duhu, shuɗi irin na baba, azurfa, fari mai ƙyalli, sai guda biyu masu sauya launi idan haske ya juya. Irin wannan haɗi shi ake kira gotik, salon baƙaƙen kaya da baƙin ido da ya taso a Ingila wajen ƙarshen shekarun 1970. Shuɗin ne ya ja ni, don sak yake da rawani ɗan Kura da ya sha bugu yana sheƙi. Mako uku na yi ina gwada shi, a idona da idon ƙannena biyu, ɗaya wankan tarwaɗa, ɗaya baƙa sosai.

Ruwan toka mai haske shi ya fara ba ni matsala. Da na shafa shi kai tsaye, sai fatar idon ta yi furu-furu kamar an yayyafa tokar murhu. Dalilin yana rubuce a bayan kwali: launuka masu haske ana cika su da farin sinadari mai lamba CI 77891, shi ke dusashe baƙi ya koma toka. A farar fata farin yana sajewa, a tamu kuwa zama yake yi a sama ya fito fili. Gwargwadon duhun fatar, gwargwadon yadda yake fitowa. A idon ƙanwata baƙar ma ko kallo bai yi ba.

Matsala ta biyu daga sabo ta zo. Mun saba shimfiɗa ruwan ƙasa mai ja-ja a lanƙwasar ido kafin komai. Idan ya haɗu da shuɗi ko toka a gefe, launin taɓo suke bayarwa, domin shuɗi da ruwan goro kashe juna suke yi. Da na ajiye shi na sa ruwan hanta a gurbinsa, nan take idon ya tsaftata. Ruwan hanta yana da jan da zai saje da fatarmu, yana kuma da shuɗin da zai karɓi sauran launukan akwatin.

Ga tsarin da ya zauna mini. Alwala tukuna, a bar fuska ta bushe sarai. Sai man kama shado, wato firaima, kamar ƙwayar shinkafa ga kowane ido, a baza da yatsa har ƙarƙashin gira, a jira minti ɗaya. Idan ya fi haka yawa, shi da kansa zai taru a lanƙwasa. Hoda kaɗan daga lanƙwasa zuwa sama kawai, don burushi ya yi tafiya. Fatar idon kanta a bar ta da danƙonta. Da burushi mai taushi a ɗauki ruwan hanta, a karkaɗe, a kai a kawo a lanƙwasar ido a buɗe, ana kallon madubi kai tsaye. Mai ido a rufe tana zana wurin da zai ɓuya ne da zarar ta buɗe.

Abin da ya gyara komai shi ne shimfiɗar baƙin gazal. A goga fensirin a kashi biyu cikin uku na fatar ido daga gindin gashi, a murza da yatsa cikin sakan 30 kafin ya kama, ido ɗaya bayan ɗaya. A kansa ake danna shuɗi ko shunayya da burushi mai faɗi. Dannawa nake cewa, 'yar uwa, kada ki share, don sharewa tana ɗauke gazal ɗin ta bar tabo-tabo. A kan wannan baƙin shuɗin ya fito da zurfinsa, masu sauya launin nan kuma suka nuna kore da shunayya ƙarara, alhali a fata tsura ƙyalli kawai suka ba ni. Har ruwan tokan da ya ƙi ni da farko ya yi kyau da na ɗiga shi a tsakiyar ido kamar girman ƙwayar wake. Baƙin shado shi ne na ƙarshe, da ƙaramin burushi mai tsini, a ƙuryar waje kaɗai. Ƙara baƙi abu ne mai sauƙi, rage shi kuwa sai an wanke.

Azurfa da yatsa ta fi kamawa. Idan da burushi ne, a ɗebo launin tukuna sannan a fesa wa burushin ruwan kama kwalliya. Jiƙaƙƙen burushi ko yatsa mai maiƙo idan ya shiga gidan shado, saman yakan daskare ya daina bayarwa. Hakan ya faru da azurfata a mako na biyu. Salatif na manna na ɗaga sau uku, ɓawon ya fita.

Duhun launi yana zubar da gari ƙarƙashin ido, don haka ido ake fara yi, a goge, sannan a zo kan fuska. Wadda ke da duhu a ƙarƙashin ido ta rufe shi da man gyara mai ruwan lemo kafin hoda, in ba haka ba shunayya za ta jawo duhun ta ninka shi. Ruwan hanta a ƙasan ido kuma yana sa a yi kama da wadda ta sha kuka, sai an raba shi da farin ido da layin baƙin kwalli. Ba a sa garin shado a cikin ido, aikin kwalli ne wannan. Kwallin ma a kula: na dutse da ake sayarwa a awo ba kwali sau da yawa akwai dalma a cikinsa, gara wanda ke da rajista da hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya.

Sai batun garinmu. Daga sanyin na'ura a fita cikin gumin Jidda, a shiga mota, a sake shiga sanyi, fatar ido tana yin raɓa kowane karo. Bikinmu kuma sai bayan isha ake taruwa, amarya ba ta fitowa sai dare ya raba. Na gwada ido ɗaya da firaima, ɗaya babu: marar firaima ya tsage a lanƙwasa tun kafin a ci abinci, ɗayan ya kai ni gida. Bakin niƙabi yana gogar ƙarƙashin gira da karan hanci, saboda haka nake barin faɗin yatsa ɗaya ƙarƙashin gira babu duhu, in fesa ruwan kamawa daga nisan taƙi guda, in jira minti biyar kafin in ɗaura. Akwatin kansa kada a bar shi a mota da rana, zafi yana taso da man da ke riƙe garin.

Shunayya mai haske ta bar mini ja-ja a fatar ido har washegari. Jan rini ne ke cikinta, irin CI 45410, wanda a Amurka ba a yarda a sa shi kusa da ido ba. Mai saurin ƙaiƙayi ta fara gwadawa a bayan kunne. Shimfiɗar gazal tana rage tabon sosai. Wajen cirewa, man zaitun a auduga, a ɗora sakan 20, a janye ba murza ba. Akwai kuma CI 75470, jan da ake samu daga wani ƙwaro, wanda malamai suka yi saɓani a kansa. Wadda abin ya dama ta duba kafin ta biya. Alamar buɗaɗɗen gwangwani mai 12M ko 24M tana nuna watannin amfani bayan buɗewa, ni nakan rubuta ranar a ƙasan akwati.

Cikin gida 12, biyar ne hannuna ke komawa gare su: ruwan hanta, shuɗi, toka mai duhu, baƙi da ɗaya mai sauya launi. Don zaman mata na yamma, ruwan hanta da siririn layin shuɗi a gindin gashin ido sun wadatar, da janbaki mai ruwan hanta shi ma. Farin mai ƙyalli har yau bai yi wa ɗayanmu kyau ba, ko a ƙuryar ido ta ciki. Azurfa nake sawa a wurin.